Harbin zuma guda ɗaya ya kusa kashe Yayana, an ce maganinsa allurar dafi ce: wa ya san ta?

Malam Sada, Daura (Asabar, 9:14 na dare)

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga likitocinmu da ke cikin zauren nan.

Yayana yana kiwon zuma a wani ƙauye ta wajen Sandamu. Amya ce ta gado tun daga mahaifinmu, yanzu ta haura talatin, a rataye kan tsamiya da gawo da ɗorawa. Shekarunsa 46, kuma tun yana ɗan shekara goma yake bin Baba hawan bishiya da dare. Harbin da ya sha a rayuwarsa ba ya ƙirguwa.

Daren Talatar da ta wuce suka je ɗibar zuma shi da babban ɗansa. Ya sauko lafiya, har ya ɗaure bakin bokiti, sai wata da ta maƙale a wuyan rigarsa ta harbe shi a gefen wuya. Guda ɗaya tak. Yaron ya ce ba a yi minti biyar ba ya fara susar tafin hannu da tafin ƙafa, yana cewa kansa na juyawa. Da ya haska shi da tocila sai ya ga borin jini ya feso masa har ciki da baya, leɓɓa sun kumbura, murya ta dishe. Ya ce a riƙe shi zai yi amai. Daga nan ya zube.

A babur aka ɗauko shi, wani na tuƙi, yaron na rungume da shi ta baya. An tsaya wani kemis aka ba shi Piriton, ya kasa haɗiyewa, sannan aka wuce asibiti. Ma'aikaciyar da ke aikin dare, Allah ya saka mata da alheri, tana ganinsa ta soka masa allura a cinya, ta ce a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Bayan 'yan mintoci ta ƙara masa ta biyu, aka sa masa ruwa. Kafin asuba ya buɗe ido.

Likitan da ya sallame mu ya ce jikinsa ya daina jure dafin zuma, kuma idan ta sake harbinsa abin zai iya dawowa. Ya ce akwai wata allura da ake haɗawa da dafin ƙudan zumar kansa, a yi ta yi wa mutum shekaru har jiki ya saba, sai dai su ba sa yin ta. To ni abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya dafin da ya kusa kai shi kabari zai zama maganinsa? Kuma Yaya ya ce da zarar ƙarfinsa ya dawo zai koma, don sauran amya goma sha biyu ba a taɓa ba, ga zafi ya kama, lokacin ke nan.

Maman Khalifa (9:20)

Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya, ya tsare gaba.

Abba Kusugu (9:23)

Allah ya sa kaffara ce. Amma Malam, kun tabbata zuma ce? Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana shan harbi, a ce guda ɗaya ta kayar da shi? Ko dai maciji ne ko kunama a cikin duhu?

Malam Sada (9:26)

Zuma ce. Ni da kaina na ga ƙarinta a wuyansa, a asibiti aka cire.

Baba Ilu Mai Zuma (9:58)

Jikansa ne ke rubutawa, ga abin da Baba ya ce in faɗa.

Ya ce a gaida Malam Sada da mai jiki. Ya ce shi ya fi shekara hamsin yana wannan sana'a, kuma abin da suka gada shi ne harbi ke maganin harbi. Yaro in ya fara bin su, fuskarsa takan kumbura har ido ya rufe, ya yi kwana biyu ba ya ganin hanya. Shekara na zagayowa sai kumburin ya ragu. In ya kai shekara biyar yana yi, sai zuma ashirin ta harbe shi ya share da hannu ya ci gaba da aiki. Ya ce mahaifinsa har busasshen ƙudan yake dakawa ya zuba musu a kunu suna yara. Saboda haka shi a ganinsa abin da Bature ke sayarwa a kwalba, su a kan bishiya suke samunsa kyauta. Shawararsa ita ce kada Yayanka ya bar zuma ta ga tsoronsa. Ya koma, ya fara da harbi ɗaya ɗaya, jikin zai tuna.

Likita Hadiza (10:41)

Wa alaikumus salam. Malam Sada, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, don Allah kada Yayanka ya kusanci amya a yanzu. Ko gindin bishiyar kada ya je.

Baba, ina gaisuwa. Rabin maganarka gaskiya ce, kuma ilimin likita ya tabbatar da ita. An bincika masu kiwon zuma an ga cewa waɗanda ke shan harbi sama da 200 a shekara jikinsu kan saba, waɗanda kuwa ke shan kaɗan jefi-jefi, ƙasa da 25 a shekara, sun fi shiga haɗari. Amma wannan sabon na mutumin da jikinsa bai juya ba ne. Yayan Malam jikinsa ya riga ya juya, kuma a irin wannan hali harbi ɗaya ya isa.

Ga yadda abin yake. Garkuwar jiki tana ƙera wasu sinadarai masu gane abokin gaba. A jikin wasu mutane sai ta ƙera wani nau'i da muke kira IgE a kan dafin zuma, ya je ya zauna kan wasu ƙwayoyin halitta da ke cike da histamin (sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburi), a fata da maƙogwaro da huhu da hanji. Ranar da dafin ya sake shiga, sai ƙwayoyin nan su fashe gaba ɗaya a lokaci guda. Jijiyoyin jini su saki, jini ya faɗi ƙasa, maƙogwaro ya kumbura, hanyar numfashi ta tsuke. Shi ne anafilaksis. Ba yawan dafin ne ke kayar da mutum ba, martanin jikinsa ne. Kuma yana iya bayyana bayan shekara talatin ana shan harbi lafiya lau. Ƙaiƙayin tafin hannu da ƙafa da yaron ya lura da shi alama ce da muka sani sarai, sau da yawa ita ke fara zuwa.

Babban mutum da ya taɓa yin irin wannan, idan aka sake harbinsa ba tare da magani ba, kusan 40 zuwa 60 cikin 100 abin kan dawo. Wani zai ce to ai rabi ne, wataƙila ya tsira. Ka tuna a kan reshen tsamiya zai same shi, cikin dare, da wuta a hannu.

Abba Kusugu (10:47)

To Likita, allurar fa? Ai maganar Baba ke nan, dafi ne dai.

Likita Hadiza (11:15)

Dafi ne, amma aunanne. Harbin zuma ɗaya yana zuba wa mutum maikirogiram 50 ko fiye, kuma ba wanda ya isa ya ce mata ta rage. A asibiti da tataccen dafi ake farawa, maikirogiram 0.1 ko ma ƙasa da haka, wato kashi ɗaya cikin ɗari biyar na harbi guda. A yi allurar ƙarƙashin fatar damtse, mutum ya zauna a gaban ma'aikata aƙalla minti 30, adiranalin (allurar gaggawa ta anafilaksis) da iskar oksijin na ajiye a gefe. Mako mai zuwa a ƙara kaɗan. Haka za a yi ta hawa har a kai maikirogiram 100, kwatankwacin harbi biyu. Akwai wuraren da ke kwantar da mutum su gama hawan cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai allura ɗaya duk mako huɗu, daga baya a iya tazara zuwa mako shida ko takwas, har shekara uku zuwa biyar.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne jiki ya fara ƙera wani nau'in sinadarin daban, IgG4, wanda ke tare dafin kafin ya isa ga IgE, sannan garkuwar ta koyi yin shiru idan ta gan shi. A wajen masu matsalar zuma, kusan 80 cikin 100 sukan samu kariya. A wajen masu matsalar rina ya fi haka, ya haura 90. A duk fannin alaji, wato cututtukan da jiki ke ƙin wani abu kamar haka, da wuya a sami maganin da ya kai wannan aiki. Amma ita kanta allurar tana iya tayar da anafilaksis, kuma ta zuma ta fi ta rina yin haka, musamman lokacin da ake ƙara awon. Shi ya sa ba a yin ta a kemis, ba a yin ta a gida.

Lawal Mai Magani (11:32)

Ina so in taɓa maganar daka ƙuda da Baba ya kawo, don Turawan ma sun bi ta wannan hanyar. Shekaru da yawa likitocin Amurka suna niƙe ƙwaron gaba ɗayansa, su tace ruwan su yi wa mutane allura, kowa na ganin yana aiki. Sai a 1978 aka gwada a jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore. Aka raba masu matsalar gida uku: wasu aka ba su zallar dafi, wasu ruwan niƙaƙƙen ƙwaro, wasu allurar da ba magani a ciki. Da harbi ya zo, cikin 18 masu dafi mutum ɗaya ne ya tayar. Masu niƙaƙƙen ƙwaro 7 cikin 11, masu allurar da ba magani 7 cikin 12. Wato niƙaƙƙen ƙwaron da babu duk ɗaya. Wannan ma allura ce, balle wanda aka sha a kunu ciki ya narkar.

Hajiya Turai (11:40)

To ya riƙa shan zuma mana kullum da safe. Allah da kansa ya ambaci waraka a cikinta a Suratun Nahli.

Likita Hadiza (11:46)

Hajiya, zuma abinci ce mai albarka, ya sha abinsa. Sai dai daga ruwan fure take, dafin kuma daga wata jaka yake fitowa a ƙarshen cikin ƙudan. Shan ɗaya ba ya sabar da jiki da ɗayan.

Nura Zango (Lahadi, 6:52 na safe)

Ni fa na ga bidiyo a Facebook, ana kama zuma da hantsaki a ɗora wa mutum a baya ta harbe shi, ana cewa maganin sanyin ƙashi ne. In allurar ba ta samuwa, me zai hana a yi masa haka a cikin asibiti, guda ɗaya duk mako?

Likita Hadiza (7:30)

Kada a yi. A 2018 likitoci a Sifen sun ba da rahoton wata mata mai shekara 55 da ta rasu ta wannan hanyar. Ta yi kusan shekara biyu ana yi mata duk wata ba abin da ya same ta, ranar ƙarshe harbi ɗaya ya sa numfashinta ya sarƙe, kuma wurin ba su da adiranalin. Ita ma ba a san tana da matsalar ba. Yayan Malam kuwa an riga an sani.

Binta, Manchesta (8:55)

Malam Sada, ni ake yi wa wannan allurar, bari in gaya maka yadda take daga bakin mai ita. 'Yar Ƙofar Ƙaura ce ni a Katsina, aure ya kawo ni Ingila. Nawa rina ce ta nan ƙasar, mai ratsin baƙi da rawaya. Ta harbe ni a hannu ina shanya, na farka a motar asibiti.

Sun jira makonni kafin su gwada ni. Suka ɗiga ruwan dafin zuma da na rina a hannuna suka ɗan tsaga fatar, wurin na rina ya tashi ya yi ja kamar cizon sauro babba, suka kuma ɗebi jini. Daga nan na yi kusan wata uku ina zuwa duk ranar Laraba. Kafin allura sai nas ta auna jini, ta sa in hura wani bututu, ta tambaye ni ko ina mura ko zazzaɓi. Ranar da nake da mura mayar da ni gida ta yi. Bayan allura in zauna awa guda a kujera tana leƙo ni. Damtsena yakan kumbura kamar ƙwan kaza, ya yi zafi kwana ɗaya ya sace. Sau ɗaya, a mako na takwas, na ji fuskata ta ɗau zafi, maƙogwaro na kartata. Ban gama faɗa ba mutum uku sun kewaye ni. Mako na gaba suka koma baya da awon, suka sake hawa a hankali.

Yanzu shekarata biyu, sau ɗaya nake zuwa a wata. Bara da na zo gida hutu sai da muka lissafa kwanakin tafiyar don kada in tsallake. Wannan shi ne abin da nake so ka duba tun yanzu. Allurar ba ta da wahala, jelen ne aiki. Ni bas ɗaya nake hawa, minti ashirin, kuma ba na biyan ko sisi. Na yi ta tunanin Yayanka tun jiya.

Abin da ta canza mini kuwa, da ko tagar kicin ba na buɗewa in zafi ya zo. Yanzu ina zama a waje da yarana. Har yanzu dai ina yawo da EpiPen, allurar adiranalin da mutum ke soka wa kansa, guda biyu a jaka.

Malam Sada (9:30)

Na gode ƙwarai 'yar'uwa. To nan ne gizo ke saƙar. Ko a ce mun sayar da gona mun kai shi Masar ko Indiya aka yi hawan cikin mako guda, wa zai riƙa yi masa ta wata-wata shekara biyar?

Lawal Mai Magani (9:58)

Ka taɓo inda yake ciwo. Dafin daga waje ake shigo da shi, kuma dole ya zauna a firji tsakanin digiri 2 da 8 tun daga kamfani har ranar da za a zuƙe shi. Kai ka san halin wutarmu. Sannan sai an sami likitan da ya san awon, ya yarda ya ɗauki nauyin. In aka fara aka yanke wata biyu ko uku, sai an koma baya da awon, wani lokaci daga farko. Wanda ya ce maka zai kawo maka kwalba a jaka ka kai wa mai allura a unguwa, ka guje shi.

Likita Hadiza (10:34)

Haka ne. Amma kada a rufe ƙofar tun ba a ƙwanƙwasa ba. Ku koma wajen likitan da ya sallame ku ya rubuta muku takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Akwai na tarayya a Katsina, akwai na Malam Aminu Kano, akwai na Shika a Zariya. A nemi ganin likitan da ke duba alaji ko cututtukan ƙirji ko na fata, a tambaye shi kai tsaye inda za a yi gwajin IgE na dafin zuma, da kuma ko akwai hanyar samun allurar. Kada a yi gwajin yanzu, a bari mako huɗu zuwa shida su wuce, don in aka yi da wuri yana iya nuna babu alhali akwai. A roƙi a auna masa wani sinadari da ake kira tiriftes a jini ma. In ya yi yawa, alama ce ta cewa ƙwayoyin nan masu fashewa sun yi masa yawa a jiki, kuma irin waɗannan mutane sun fi kowa haɗari.

Abu ɗaya da ke gefenku: zumarmu ta Yammacin Afirka ta fi ta Turai faɗa, amma jinsinsu ɗaya, dafinsu kusan ɗaya ne, don haka wanda ake sayarwa ya dace da shi.

Yana shan maganin hawan jini?

Malam Sada (10:37)

Yana sha, shekara uku ke nan.

Likita Hadiza (10:42)

To ku tafi da kwalin. Wasu daga cikinsu, irin su atenolol da lisinofiril, likitan zai so ya san da su. Kada ya daina sha da kansa.

Maman Khalifa (11:20)

Likita kin tsorata ni. Khalifa shekararsa bakwai, rina ta harbe shi a goshi a makarantar allo, fuskar nan ta kumbura har idanu biyu suka rufe, kwana uku. Shi ma sai an yi masa allurar?

Likita Hadiza (11:38)

Kwantar da hankalinki Maman Khalifa. Kumburin da ya tsaya a kewayen wurin harbi, ko ya kai faɗin tafin hannu, ko ya kwana biyu ko uku, abu ne daban. Yana da ban tsoro a ido, musamman a fuska, amma mafi yawan masu irinsa ba sa wucewa zuwa anafilaksis, kuma ba a saba yi musu allurar ba. Ƙanƙara a tsumma da Piriton sun wadatar. Abin da za ki sa wa ido shi ne alamar da ta fito nesa da wurin: a harbe shi a ƙafa leɓe ya kumbura, ko murya ta canza, ko numfashi ya riƙa fito, ko amai, ko jiri. Sai kuma harbi a cikin baki ko maƙogwaro, wannan ko a wa ya faru asibiti ne nan take.

Sani Direba (12:05)

Mu kuma namu daban ne. Shekarun baya zuma ta tashi a wata kuka kusa da rijiya, ta rufe ƙanin mahaifina. An cire masa ƙari ya fi ɗari uku. Ya tashi da ƙafarsa har ya ci tuwo, muka ce an tsira. Kwana biyu fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, daga nan ya ɗauke. Ranar ta biyar ya rasu.

Likita Hadiza (12:19)

Allah ya jiƙansa da rahama. Wannan guba ce ta yawan dafi, tana narkar da tsoka da ƙwayoyin jini har su toshe ƙoda. Ba ruwanta da alaji, kowa tana iya kama shi, kuma allurar da muke magana ba ta kare ta. Duk wanda zuma ta yi wa rubdugu a kai shi asibiti ko yana cewa lafiyarsa ƙalau, a sa masa ruwa, a riƙa duba fitsarinsa.

Nas Bilkisu (1:47 na rana)

Ni a ƙaramin asibitin karkara nake aiki, kuma abin da ya tsaya mini a rai cikin labarin nan tsayawar da aka yi a kemis ne. Mintocin nan su ne ran mutum. Piriton maganin ƙaiƙayi ne, ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Haidirokotizon, maganin rage kumburi, ma sai bayan sa'o'i yake aiki. Adiranalin ce kaɗai, a tsokar cinya ta gefen waje, rabin mil ga babba daga 'yar kwalbar nan mai miligiram ɗaya, in ba sauƙi bayan minti biyar a ƙara. A cinya, ba a jijiya ba.

Sannan zaunar da shi da aka yi a babur. Na san ba yadda za su yi cikin dare, ba laifinsu ba ne. Amma mutumin da jininsa ya faɗi, in aka miƙar da shi tsaye ko zaune, jinin ba ya komawa zuciya. A kwance ake so, ƙafa a sama. In numfashi ne ya fi damunsa a ɗan jingina shi, in ya suma a juya shi gefe. Ko a amalanke ne ko a bayan a-kori-kura, a kwance dai. Kuma don Allah a daina ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, huhu suke tafiya. Na karɓi yaron da aka yi wa haka.

Ko ya farfaɗo bayan allura, sai an kai shi asibiti an riƙe shi sa'o'i, don abin kan dawo zagaye na biyu.

Lawal Mai Magani (2:10)

EpiPen tana da tsada, ba ko'ina ake samu ba, kuma shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi take yi ta lalace. 'Yar kwalbar adiranalin kuwa ba ta da tsada, sai dai dole a koya wa mutum zuƙa da aunawa. Dukansu ba sa son zafi da hasken rana, ƙasa da digiri 25 ake so su zauna, mu kuwa yanzu muna haura 40. Kada a bar ta a aljihun babur. A naɗe ta a ajiye a ɗaki mai sanyi kusa da randa, a riƙa dubawa. Ruwan fari ne tas, in ya fara ja ko ruwan ƙasa a canza.

Nas Bilkisu (2:16)

Malam Sada, ka turo mini yaron da matar Yayan naka, in likitansu ya rubuta. Zan sa su yi ta gwadawa a kan lemo har hannunsu ya daina rawa.

Abba Kusugu (2:40)

Duk na ji, amma ku faɗi gaskiya, cewa kuke ya bar sana'ar ubansa. Mutum mai iyali goma sha ɗaya. Zumar nan ita ce takinsa, ita ce kuɗin makarantar yara. Mai allura a Manchesta daban, mai amya a Sandamu daban.

Likita Hadiza (3:05)

Ban ce ya sayar da amya ba, Malam Abba. Na ce kada ya hau. A ƙasashen da allurar ke samuwa, masu kiwon zuma da yawa sun koma aikinsu bayan sun kai cikakken awo, wasu ma ana ci gaba da yi musu muddin suna sana'ar. Kafin a kai nan, wani ya ɗebo, shi ya tace ya sayar. Ko tacewar ma ba a tsakar gida da rana ba, don ƙamshin yana kiran ƙudan. Ni ma abin yana ci mini rai, magani yana nan an san shi sama da shekara arba'in, mutumin da ya fi kowa buƙatarsa kuma shi ya fi kowa nisa da shi.

Baba Ilu Mai Zuma (Lahadi, 8:31 na dare)

Jikan Baba ne. Na karanta masa duka bayan sallar isha'i, ya daɗe bai ce komai ba. Ya ce in rubuta wannan.

Ya ce lokacin yana saurayi akwai wani abokin aikinsu, gwani ne, ya fi su duka iya hawa. Wani dare suka je wata tsamiya a bakin fadama, ya sauko yana cewa jikinsa na ƙaiƙayi, ya zauna a gindinta ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kwance gora ya kife. Da gari ya waye suka ga harbi biyu ne kawai a jikinsa. Aka ce mutanen tsamiyar ne suka taɓa shi, aka daina rataya amya a kanta, har yau ba mai zuwa. Baba ya ce shi ya riƙe kansa a cinya har rai ya fita, kuma tafin hannunsa yake ta susa. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa wannan ba, don bai ɗauke shi a bakin komai ba sai yau.

Ya ce a gaya wa Yayan Malam ya janye maganarsa ta jiya. Amya goma sha biyun da suka rage, shi zai turo yaransa biyu ranar Alhamis su ɗebe masa, ba ya son ko kwalba ɗaya.

Malam Sada (9:12)

Allah ya saka da alheri Baba, ya jiƙan abokinka. Na kira Yaya na karanta masa. Ya yi shiru, sannan ya ce a gaya wa yaran su fara da ta kan gawon gabas, ita ta fi cika.

Gobe zan koma asibiti neman takardar turawa, Katsina za mu fara zuwa tunda ita ce kusa. Nas Bilkisu, zan kira ki. Likita, saura tambaya ɗaya: yaron nan shi zai gaji hawan, shekararsa goma sha tara. Shi ma a gwada shi?

Likita Hadiza (9:25)

In bai taɓa yin alamar da ta wuce wurin harbi ba, ba a gwada shi, don mutane da yawa gwajin kan nuna akwai alhali harbi ba ya yi musu komai, sai a tayar masa da hankali a banza. A saya masa rigar masu kiwon zuma mai raga a fuska da safar hannu, kuma kada ya riƙa zuwa shi kaɗai. Ka tambaye shi dai a natse, ba a gaban babansa ba, ko ya taɓa jin ƙaiƙayin tafin hannu ko jiri bayan harbi ya ɓoye. In kun karɓo takardar ka turo mini hotonta ta akwatin sirri in ga abin da aka rubuta.